Malafar Bowler: Asalinta, Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Sa Ta

Idan malafar Bowler ta gaske ta shigo hannunka, kafin ka kai ta ka, lanƙwasa yatsa ka ƙwanƙwasa samanta. Za ka ji ta amsa kamar busasshiyar ƙwarya. Wannan taurin nake so ka riƙe, domin duk abin da zan faɗa nan gaba, daga awon kai har zuwa inda za ka ajiye ta da dare, daga gare shi ya taso. Mu mun saba da hular da ke bin kai. Zanna bukar ko damanga, in ta ɗan matse sai ka kai wa mai wankin hula ya jiƙa ta ya ɗora a katako, gobe ta zauna daram. Bowler ba ta san wannan ba. Ba ta karɓar kari, ba ta naɗuwa a sa a aljihu, ba ta kuma saki don ta faranta maka. Ko dai ta dace da kanka, ko ka wuni da ciwon kai.

Siffarta ba ta da wuyar ganewa: ƙoƙo zagayayye sumul, babu lotsawa ko kaɗan, kamar an kife ƙaramar tukunya, gajeren leɓe da bai fi inci 2 ba, wanda aka naɗe shi sama ta gefen kunnuwa, sai siririyar ɗamara ta ƙyalle da ta kewaye gindin ƙoƙon. Sunan kuwa na mutanen da suka fara yin ta ne, ana furta shi kusa da "baula".

Daga ina ta fito

A 1849 wani mai suna Edward Coke, ƙanin basaraken da ke riƙe da sarautar Earl na Leicester, ya kai kuka shagon James Lock & Co. da ke lamba 6 a titin St James's cikin Landan. Gidansu na da makeken gandu a Holkham, cikin yankin Norfolk, kuma masu gadin namun dajin gandun a kan dawakai suke yawo, sanye da doguwar malafar nan mai kama da bututu wadda ake yayi a lokacin. Duk reshen da ya sunkuyo sai ya ture ta ƙasa, ga shi in aka yi arangama da ɓarayin farauta ba ta tare sanda. Abin da yake nema shi ne hula gajeriya, mai kama kai, mai tauri. Shagon Lock, wanda tun 1676 yake sana'ar, ya miƙa aikin ga Thomas da William Bowler, masu ƙera huluna a unguwar Southwark. Labarin da ake bayarwa shi ne, da Coke ya zo karɓa a watan Disamba na shekarar, sai ya ajiye ta a ƙasa ya taka ta har sau biyu. Da ya ga ba ta lotsa ba, ya biya sule 12 ya tafi da abarsa. Har yau a shagon Lock sunan Coke suke kiran ta da shi, bisa al'adarsu ta laƙaba wa hula sunan wanda ya fara yin odarta. Sauran duniya kuwa sunan maƙeran ta ɗauka.

Ka lura da wannan asali da kyau: hular aiki ce, hular kwano ce ta zamaninta. Ba a yi ta don ado ba. Ta yi arha a kan doguwar malafa, ta fi hular ƙyalle kwarjini, ba ta faɗuwa in iska ta taso, don haka kafin ƙarshen ƙarni na 19 ta mamaye kawunan direbobin keken doki, 'yan kasuwa, masu kula da leburori da akawuna. Sai daga baya ta haura sama, har a shekarun 1950 da 1960 ta zama tambarin ma'aikacin banki a tsakiyar Landan: baƙar kwat, wando mai ratsi, lema a naɗe, Bowler a ka. Daga shekarun 1970 ta soma ɓacewa a titi, kamar yadda sa hula gaba ɗaya ya ja baya a Turai. Amma ba ta mutu ba. Duk watan Mayu tsofaffin hafsoshin rundunonin dawaki na Birtaniya suna fareti a filin Hyde Park da ita a ka da lema a hannu, kuma masu tsaron ƙofa a wasu kwalejojin Oxford da Cambridge da ita suke aiki.

A Amurka sunanta derby. Mutane da yawa sun ɗauka faffaɗar malafar kaboyi ce kowa ke sawa a yammacin ƙasar a ƙarni na 19, alhali ma'aikatan layin dogo, 'yan sanda da 'yan fashi da dama Bowler suka fi so, saboda ba ta tashi in mutum ya leƙa ta tagar jirgin ƙasa ko ya sukwani doki. Akwai shahararren hoton da Butch Cassidy da abokan fashinsa huɗu suka ɗauka a Fort Worth ta jihar Teksas a 1900: duka biyar ɗin ita ce a kansu. Faransawa da Jamusawa kuwa da dangin kankana suka kwatanta ta, sunan da suka ba ta na ɗan itacen nan ne mai kama da gurji. Charlie Chaplin, tun daga 1914, ya mai da ita alamar talakan da ke fafutukar riƙe mutuncinsa, kuma ina ganin ya fahimce ta fiye da kowa.

Wurin da ta fi rayuwa a yau kuwa ba Ingila ba ne, Bolibiya ce, kuma a kan mata. Tun wajen shekarun 1920 matan ƙabilun Aymara da Quechua suka rungume ta, suna kiran ta bombín. Ana alaƙanta shigarta ƙasar da Turawan da suka je aikin layin dogo, har akan ce wani kaya ne ya iso ya yi wa mazan kaɗan, aka sayar wa mata. Ko ma yaya aka yi, in ka ga hoton matan La Paz da El Alto da faffaɗan siket mai hawa-hawa, mayafi a kafaɗa, kitso biyu a baya, da 'yar malafa a ɗore can bisa tsakar ka, to jikar hular masu gadin Holkham ce. Kamfanin Borsalino na Italiya ya daɗe yana ƙera musu ita.

Mataki na farko: ka tabbata ita ce

A Nijeriya an saba jin jaridu na kiran hular tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan da sunan Bowler, mu kuma a Arewa muka ce masa mai malafa. Gaskiya ne mazan yankin Neja Delta, Ijaw da Kalabari da Itsekiri da Urhobo, sun daɗe da shigar da malafar Turawa cikin kayansu na gargajiya tare da doguwar taguwa, zane da sanda, kuma a cikinsu akwai masu sa Bowler ta ainihi. Sai dai wadda aka fi ganin Jonathan da ita tana da lotsawa a sama da leɓe mai faɗi, wato dangin fedora ce. Ina kawo wannan ne don kada ka je kasuwa ko shafin intanet ka ce Bowler a miƙo maka wata aba daban.

Fedora tana da laushi, an tsaga samanta, an matse gabanta ta gefe biyu. Homburg tana da ɗan tauri da leɓe naɗaɗɗe kamar na Bowler, amma akwai kwari guda da ya ratsa samanta daga gaba zuwa baya. Bowler kaɗai ce ba ta da kwari ko matsi ko ɗaya. In ka danna samanta da babban yatsa ya shige, ba ita ba ce, ko kuma ta wasa ce irin wadda ake sayarwa don bukukuwan shigar ban dariya.

Mataki na biyu: ka tambayi kanka ina za ka sa ta

An yi ta ne don sanyi da yayyafin Ingila. Wanda ke zaune a Turai ko Amurka yana da wata shida ko fiye na sa ta a shekara. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacinsa hunturu ne, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sai kuma yammacin damina in an yi ruwa gari ya huce. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ƙoƙon da iska ba ta ratsa shi azaba ne kawai. Akwai waɗanda ake saƙawa da kaba a siffar Bowler don ƙasashe masu zafi. Ba su da kwarjinin ta gashi, amma kai na shan iska.

Mataki na uku: awon kai

Nan ne ake cin riba ko a yi asara, don haka zan daɗe a kai.

Samu tef ɗin tela. Ka yi awon ne da irin sumar da ka saba bari, ba ranar da ka fito daga wurin aski ba in ba kullum kake ƙwalƙwal ba, ba kuma ranar da suma ta taru ba. Tsaya gaban madubi, ka ɗora tef a tsakiyar goshi, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da gira, ka zagaya da shi sama da kunnuwa da kamar faɗin yatsa, ya bi ta tudun ƙeya ya dawo. Kada ka ja shi ya nutse cikin fata. Yi sau uku, ka ɗauki mafi girma. In da wanda zai riƙe maka ya fi, domin tef yakan zame a ƙeya ba ka sani ba.

Mun saba sayen hula da inci: 22, 22 da rabi, 23. Masu malafa kuwa da santimita suke aiki ko da wasu lambobi nasu. Inci 22 ya yi daidai da kusan santimita 56. 22 da rabi, santimita 57. Inci 23 ya faɗa tsakanin 58 da 59. A lissafin Ingila santimita 57 ita ce lamba 7, 58 ita ce 7⅛, 59 kuma 7¼. Amurkawa sun ɗara su da kashi ɗaya cikin takwas, wato kan da ya sa 7 a Landan 7⅛ zai sa a New York. Wannan ɗan bambancin ya sa mutane da yawa sun sayi hular da ta matse su. Hanya mafi aminci ita ce ka manta da lambobin ka nemi a gaya maka santimita. Kuma kada ka dogara da lambar hularka ta gida, don ita ta riga ta buɗe ta bi kanka. Auna kan da kansa. In awonka ya faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar. Wadda ta ɗan yi yawa tana da magani, wadda ta yi kaɗan kusan ba ta da shi.

Sai dai kewaye rabin zance ne. Kai biyu na iya zama santimita 58 cif, amma ɗaya dogo ne daga goshi zuwa ƙeya kamar ƙwai, ɗayan zagayayye. Hula mai laushi ba ruwanta da wannan. Bowler kuwa nan take za ta tona. In ka sa ta ka ji tana cizon goshi da ƙeya alhali yatsa na shiga ta gefen kunne, kanka dogo ne. In ta matse gefe da gefe tana kuma lilo gaba da baya, kanka zagayayye ne. Tsofaffin shagunan huluna suna da wata na'ura da aka ƙirƙira a Faransa a ƙarni na 19, mai ɗimbin 'yan sanduna, wadda ake kifa wa mutum a ka ta fitar da taswirar kansa a 'yar takarda. Da wannan taswirar ake gasa malafar ta yi laushi, a ɗora ta a ma'aunin da aka saita, ta huce da siffar kan mai ita. In kana inda za a yi maka haka, kada ka yi ƙyashin kuɗin. In daga nesa kake oda, rubuta wa mai sayarwa ka faɗi siffar kanka, kuma kada ka biya sai ka tabbatar ana karɓar canji.

Gwajin dacewa uku ne. Girgiza kai hagu da dama: kada ta juya ita kaɗai. Sunkuya kamar za ka ɗaure igiyar takalmi: kada ta faɗi. Bar ta a ka minti goma ka cire: ɗan sawu a goshi ba laifi, amma jan layi mai zafi da ya ƙi ɓacewa na nufin ta yi kaɗan. In ta ɗan yi yawa, ɗaga fatar da ke zagaye da cikinta ka cusa siririn ƙyalle mai kauri a bayanta, ta gaba da baya ko ta gefe, gwargwadon inda sararin yake.

Mataki na huɗu: abin da aka yi ta da shi

Jikin Bowler ba saƙa ba ne. Gashi ne ake tarawa a jiƙa da ruwan zafi a yi ta murzawa da matsawa har ya sarƙe ya zama ƙyalle guda, irin jikin jar dara. Daga nan a shayar da shi da shalak, wani danƙo da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a ɗora shi a katako mai siffar kai ya bushe. Shalak ɗin nan shi ne sirrin taurinta, kuma shi ne rauninta, don zafi na narkar da shi.

Iri biyu za ka tarar. Ta gashin zomo ta fi santsi, ta fi sauƙin nauyi, ta fi jure ruwa, ta kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Ta ulun tumaki ta fi arha, tana da ɗan kaushi in ka shafa, kuma ruwa na sa ta tsuke. Wanda bai taɓa sa malafa ba, ban ga laifin ya fara da ta ulu mai kyau ba, ya ga ko za ta shiga ransa. Amma in ka san za ka riƙa sa ta, tara kuɗi ka sayi ta zomo sau ɗaya. Lock da Christys', wanda ya faro tun 1773, suna cikin tsofaffin sunayen Ingila da har yanzu ake samun ta a wurinsu.

Juya ta ka duba ciki. Zagayen da ke taɓa goshi ya kasance fata ce ta gaske mai laushi, ba roba ba, domin roba na tara gumi ta sa ƙuraje. Bi bakin leɓen da yatsa: an lulluɓe shi da ƙyalle mai ƙananan layuka, ɗinkin ya zama ƙanana, a jere, babu tattara. Ajiye ta a tebur ka duba ta daga gaba: naɗin hagu da na dama su zo daidai.

Tawa ta farko a shagon gwanjo na same ta a Ingila, kuma har yau ina ganin tsofaffin sun fi yawancin sababbi tauri da kyan naɗi. Matsalarsu ɗaya, galibi ƙanana ne, mai babban kai zai sha nema. In ka samu, kai ta wurin haske ka nemi cizon asu, wato 'yan ramuka kamar an tsaga da farce. Matsa ƙoƙon a hankali tsakanin tafukanka kusa da kunne: in ka ji ƙas-ƙas, shalak ya tsage a ciki, bar ta. Fatar ciki da ta bushe ana iya canza ta, ɗamara ma haka, amma tsagaggen ƙoƙo ba ya gyaruwa.

Mataki na biyar: fuska da launi

Ƙoƙon yakan kai wajen inci 5, wasu sun ɗara, wasu sun gaza. Mai doguwar fuska ya nemi gajeren ƙoƙo. Mai faffaɗar fuska da kumatu ya nemi mai ɗan tsawo da leɓe mai ɗan faɗi, in ba haka ba za ta zauna masa kamar murfi. Launi kuwa, baƙa ce uwa, ita ce ta birni. Ruwan ƙasa ta ƙauye da hawan doki ce. Ruwan toka ta fi sakin fuska da rana, kuma a ganina tana yi wa baƙar fata kyau ƙwarai, ga shi ba ta nuna ƙurar hunturu kamar baƙa.

Mataki na shida: ɗora ta

Duba ciki, za ka ga ɗan ƙulli a jikin fatar: nan ne baya. Ƙullin ɗamarar waje kuma a hagunka yake zama. Kama ta ta leɓe, gaba da baya, ka fara sa goshi sannan ka saukar da ita ƙeya. Ta zauna a miƙe, ko da ɗan rusunawa gaba, faɗin yatsa sama da gira, kada ta taɓa kunnuwa. Ɗan karkatawa gefe, kamar yadda matashi ke karya hula ranar Sallah, yana ba ta rai, amma kaɗan ake so, abin da bai wuce faɗin yatsa ba. Abu biyu ne nake roƙo a guje musu: tura ta can ƙeya har goshi ya fito fili, da danna ta har kunnuwa su lanƙwashe. Duka biyun shigar masu ba da dariya ce a dandamali, da gangan suke yi.

Bayan ka ɗora, ka cire hannunka daga kanta. Mai yawan taɓa hula yana sanar da kowa cewa baƙuwa ce a kansa. Sa ta a gida na kwana biyu uku, ka saba da tsawonta a bakin ƙofa da lokacin shiga mota, kafin ka fita da ita cikin jama'a.

Mataki na bakwai: kayan da ke tafiya da ita

Shigarta ta asali a birni ita ce kwat da wando masu duhu, baƙi-baƙi ko shuɗi mai duhu ko ruwan gawayi, farar taguwa, naktaye marar hayaniya, baƙin takalmi sau-ciki mai igiya wanda ya sha goga. Falmaran na ƙara mata kyau sosai, haka doguwar kwat ta sanyi. Mai ruwan ƙasa tana son yadin ulu mai kauri da kaushi da takalmi mai wuya. Ba a sa ta da kayan liyafar dare na Turawa, hular rana ce.

Ba dole sai da kwat ba. Tunda ma'aikata ne suka fara sa ta, tana zama lafiya da wandon jins mai duhu, rigar sanyi mai kauri da takalmin but. Ƙa'idar da nake bi ita ce, Bowler ta ishe ka abin kallo guda. In ka haɗa ta da agogon aljihu mai sarƙa, sanda, safar hannu da fure a ƙirji, ka tashi daga mai ado ka koma ɗan wasan kwaikwayo. Bar sauran kayan su yi shiru.

Kayanmu na gida fa? An sha yi mini wannan tambaya, kuma ra'ayina bai canza ba. Da babbar riga ba ta tafiya. Babbar riga faɗi gare ta, tana neman hula mai tashi ko rawani su daidaita ta. Bowler a samanta sai ta ƙanƙance, kuma ƙyallin shadda da aikin wuya suna faɗa da jikinta marar sheƙi. Malafarmu ta kaba mai adon fata, wadda mahaya ke ɗorawa kan rawani ranar hawa, ita ce aka yi don wannan jiki. Amma jamfa ko kaftani mai tsukakken ɗinki, na yadi marar ƙyalli mai duhu, ba aiki ko da ɗan kaɗan, da takalmi sau-ciki, wannan yana karɓar ta. Mutanen Neja Delta sun daɗe da nuna cewa doguwar riga miƙaƙƙiya da malafa suna jituwa.

Ga mata, hanya biyu ce. Ko ki sa ta daidai kai kamar yadda na bayyana, ko ki bi salon matan Bolibiya, ƙarama a ɗore a sama, wanda ke buƙatar saba da tafiya a miƙe kamar mai ɗauke da tulu. In za ki ɗora ta kan siririn mayafi ko kitso, yi awon a kan mayafin ko kitson, kuma ki zaɓi kitson da ya kwanta, don shuku ko tudun acuci ba za su bar ta ta zauna ba.

Mataki na takwas: ladabinta

A nan al'adunmu da nasu suka yi hannun riga. Mu takalmi muke tuɓewa don girmamawa, hula kuwa cikar kamala ce, ba ka shiga gaban manya kai sake. A Turai namiji hula yake cirewa: in ya shiga gidan mutane ko ofis, in zai zauna cin abinci, in ana taken ƙasa, in an wuce da gawa. Gaisuwa a hanya kuwa, ya kama leɓen gaba ya ɗan ɗaga. Mata ba a ɗora musu wannan ba. In ka cire, riƙe ta ta leɓe cikin yana fuskantar jikinka.

To, in kana gida Nijeriya ko Nijar sai ka haɗa biyun da hankali. Ba na zuwa gaida surukai ko zaman makoki da ita. Sannan ga salla: leɓenta ba zai bari goshi ya taɓa ƙasa a sujada ba. Ni dai kullum akwai 'yar farar hula mai laushi a aljihun kwat ɗina. In lokaci ya yi sai in musanya, in sama wa malafar wuri a sama, ba cikin takalma a ƙofar masallaci ba.

Mataki na tara: kula da ita

Sayi buroshi mai laushin gashi, ka ware shi don ita kaɗai. Duk ranar da ka sa ta, goge ta kafin ka ajiye, kana bin kwanciyar gashin, wato saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa in kana kallon ta daga sama. A hunturu wannan ba abin wasa ba ne: ƙurar da ta kwana ta haɗu da gumi ita ke zama tabo. Goge fatar ciki da busasshen ƙyalle, ka juyo ta waje ta sha iska in ka yi gumi da yawa. Kada ka taɓa ba mai wankin hula ita, ruwa da sabulu da sitati ajalinta ne.

In ruwan sama ya taɓa ta, karkaɗe ta ka bar ta ta bushe da kanta a inuwa, nesa da rana da murhu. In jikinta ya dushe, tafasa ruwa a butar shayi, ka gitta ta cikin tururin na 'yan daƙiƙoƙi, kana juya ta, sannan ka bi da buroshi. Kada ka tsayar da ita wuri ɗaya a bakin butar, kuma kada tururi ya taɓa fatar ciki, don zai ƙanƙance ta.

Zafi shi ne babban abokin gabarta, kuma da idona na gani. Wata rana a Kano, cikin bazara, na bar tawa ta farko a bayan mota jingine da gilashi na shiga wani aiki da bai wuce awa uku ba. Da na dawo na ɗauke ta, ta yi ɗumi kamar burodin da ya fito daga tanda, kuma gefen da ya jingina ya baje, faɗin tafin yaro. Na yi ta fama da tururi ina turo wurin daga ciki da dunƙulallen tawul. Ya taso, amma har yau in haske ya bugi gefen hagu ina ganin inda abin ya faru. Ya yi mini ciwo ƙwarai, don hula ce da ta girme ni ta iso hannuna lafiya lau.

Wajen ajiya, kada ka rataye ta a ƙusa, zai huda mata ƙari a ciki. Kada kuma ka bar ta zaune a kan leɓenta wata da watanni, don nauyin na sauka ne a gaba da baya kawai, a hankali lanƙwasar ta miƙe. Ɗora ta a abin da zai riƙe ta ta ciki, ko ka kife ta cikin kwalinta a kan zoben kwali da ke tallafe ƙoƙon. Fata na tsukewa in an daɗe ba a sa ba, don haka akwai wani katako mai sukurori a tsakiya da ake sa wa a ciki ya riƙe faɗinta. Murɗa shi ya taɓa bango kawai, kada ka tilasta. Idan sanyi ya wuce za ka ajiye ta, goge ta tas, ka tabbata ta bushe, ka ƙulle kafur biyu a ƙyalle ka jefa a kusurwar kwalin yadda ba za su taɓa jikinta ba, ka ɗora kwalin a saman kabad nesa da bangon da ke jiƙa. Cikin watan Agusta, in damina ta yi nisa, sauko da shi sau ɗaya ka buɗe ka duba fumfuna, ka bar ta ta sha iskar ɗaki na yini guda kafin ka mayar.